Abin da muke tsoro daban, abin da ke cin lafiyarmu daban: hayaƙi, dalma da radiyeshan

Akwai abin da yake damuna duk sanda aka taso da maganar gurɓatar muhalli da lafiyar jama'a. Da zarar ka ce radiyeshan, wato hasken nan da ba a gani wanda yake ratsa jiki, sai kaga hankalin kowa ya tashi, wannan ya ce ƙarfen sabis ɗin da aka kafa kusa da gidansu ne yake sa shi ciwon kai, wancan ya ce shi sam ba zai yarda a yi wa ɗansa hoton ƙirji ba wai yana ƙona jini, amma mutumin da yake faɗin hakan zai wuni a bakin titi yana shaƙar hayaƙin manyan motoci, ya koma gida ya tarar ɗaki ya turnuƙe da hayaƙin girki, kuma ko a jikinsa. Toh a wajen likitoci lissafin a juye yake. Radiyeshan yana da haɗari, babu mai musun wannan, zan ma zo kansa dalla-dalla. Sai dai in ana maganar yawan rayukan da ake rasawa duk shekara, iskar da muke shaƙa ta yi masa fintinkau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutum kusan miliyan 7 a shekara, kuma kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna shaƙar iskar da ta wuce ma'aunin da hukumar ta gindaya. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet da ya haɗa lissafin har da ruwa da sinadarai da dalma, ya kai adadin miliyan 9, wato cikin duk mutum shida da suka rasu a duniya ɗaya akwai hannun gurɓatar muhalli a ciki. Tambayar da mutum zai yi ita ce, in haka ne me ya sa ba ma ganin waɗannan gawarwakin? Amsar ita ce muna ganinsu kullum, sunan cutar ne kawai yake zuwa daban. A takardar asibiti za a rubuta bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko nimoniya, ko kansar huhu. Ba a rubuta hayaƙi. Sai a shekarar 2020 ne ma wata kotun binciken musabbabin mutuwa a Landan ta yanke cewa gurɓatar iska tana cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara 9 mai fama da asma da ta rasu a 2013, kuma wannan ne karon farko da aka rubuta hakan a takardar mutuwa a Birtaniya, bayan mahaifiyarta ta kwashe shekaru tana fafutuka.

Bari mu duba yadda abin yake aiki a jiki, don nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Ƙurar da kake gani da ido, wacce take sa ka atishawa, yawancinta hanci da maƙogwaro suna tare ta, majina ta fito da ita. Wadda ake tsoro ita ce wadda ba a gani, likitoci suna ce mata PM2.5, ƙananan ɓurɓushi ne da faɗinsu bai kai ɗaya cikin talatin na kaurin silin gashin kai ba, kuma yawancinsu daga ƙone-ƙone suke fitowa: injin dizal, itace, gawayi, kwal, bola, masana'antu. Saboda ƙanƙantarsu suna wuce duk wani shinge su gangara har can ƙarshen huhu inda iska take haɗuwa da jini. A nan sojojin jiki suke taso musu kamar yadda suke taso wa ƙwayar cuta, sai kumburi ya fara, kuma tunda mutum gobe ma zai sake shaƙa jibi ma haka, kumburin ba ya lafawa, sinadaransa su bi jini su zaga jiki, bangon jijiyoyin jini ya fara tauri yana tara kitse, jini ya fi saurin daskarewa, hawan jini ya ƙaru. Shi ya sa abin da zai ba ka mamaki, mafi yawan waɗanda gurɓatar iskar waje take kashewa ta zuciya da ƙwaƙwalwa take kashe su, ba ta huhu ba. Mutum bai taɓa tari ba, rana ɗaya gudan jini ya toshe jijiya a kansa, ɓarin jiki ya shanye, wa zai ce hayaƙi ne?

Birnin Landan ya ga wannan ƙiri-ƙiri a watan Disambar 1952. Sanyi ya tsananta, kowa ya hura kwal, iska ta tsaya cak, hayaƙi ya zauna a kan gari kwana biyar. A lokacin an ƙirga mutum wajen 4,000 da suka mutu, binciken baya ya nuna adadin zai iya kaiwa 12,000, daga nan aka yi dokar tsaftace iska ta 1956. Amma darasin da ya fi girma ya zo ne a 1993, lokacin da masu bincike na jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar mutanen birane shida a Amurka na tsawon shekaru, suka nuna cewa ko babu irin wannan turnuƙu, 'yar gurɓatar yau da gobe da kowa ya saba da ita tana rage kwana. Daga baya a 2013 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta saka gurɓatacciyar iskar waje a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, rukuni ɗaya da taba sigari, sannan a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin PM2.5 na shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik, saboda an gano ko a ƙasa da tsohon ma'aunin ana cutuwa.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shine na cikin gida. Sama da mutum biliyan 2 a duniya har yanzu da itace ko gawayi ko kashin dabbobi ko kananzir suke girki, kuma wanda yake tsaye a kan murhun galibi mace ce, da jariri a kusa da ita. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, in ka kwatanta da girman jikinsa iskar da yake ja ta fi yawa, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba. Kusan rabin yaran ƙasa da shekara biyar da nimoniya take kashewa, hayaƙin cikin gida yana da hannu a ciki. Mai ciki in tana shaƙa, ana samun ƙaruwar haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Ita kuma uwar bayan shekara ashirin ko talatin sai a same ta da toshewar hanyoyin numfashi irin ta masu shan taba, alhali ko kara ɗaya ba ta taɓa sha ba. Ga kuma iskar kabon monoksaid da janareta ko garwashi suke fitarwa a rufaffen wuri, ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau sama da 200, mutum zai ji ciwon kai da kasala ya ɗauka gajiya ce ya kwanta, shikenan.

Sai gubar dalma. Ita dalma jiki ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan, kuma babu wani adadi da aka samu da za a ce wannan lafiya lau ne. Matsalarta jiki yana ɗaukarta kamar sinadarin kalsiyam, sai ya shigar da ita ƙashi ya adana shekaru, in mace ta samu ciki ƙashi ya saki kalsiyam don gina jariri sai dalmar ta biyo ta wuce wa ɗan tayi. Hanjin yaro yana tsotsarta ninki huɗu zuwa biyar na babba, ga shi komai ya samu baki yake kaiwa. In ta yi yawa sosai za a ga farfaɗiya da suma da mutuwa, kamar yadda ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 inda yara wajen 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Amma in kaɗan ce ba a ganin komai, yaro yana wasa yana cin abinci, kawai dai kaifin basirarsa ya ragu, ba ya iya natsuwa a aji, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Rahoton UNICEF na 2020 ya ce yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ya kamata a ɗauki mataki. Tana fitowa daga fasa tsofaffin batiran mota, tsohon fenti, bututun ruwa kamar yadda aka gani a garin Flint na Amurka daga 2014, da sauransu. Akwai maganin da yake kamo dalma daga jini ya fitar ta fitsari, sai dai ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, kuma in yaron ya koma tsakar gidan da ƙasarsa take da gubar aikin banza aka yi, shi ya sa likitocin da suka yi aikin Zamfara suka dage sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar kafin a ba da magani.

Zaiba ma haka labarinta yake ta wata fuskar. A Minamata ta Japan, wata masana'anta ta riƙa zubar da ruwan datti a teku, zaibar ta taru a jikin kifi, aka fara ganin cutar a 1956, mutane suna rawar jiki suna rasa gani da magana, uwa lafiyarta ƙalau a ido amma ta haifi yaro da nakasar ƙwaƙwalwa. A Bangaladash kuma rijiyoyin burtsatse da aka haƙa don a kuɓutar da mutane daga amai da gudawa, sai aka tarar ruwan ƙasan yana da sinadarin asinik, miliyoyi suka sha shekara da shekaru.

Toh yanzu mu zo kan radiyeshan. Abu na farko, ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ƙarfin da zai iya fizge ɓangaren ƙwayar zarra ya karya DNA, wato kundin bayanan gado da ke cikin ƙwayar halitta, irin na hoton eksire da siti-sikan (babban hoton cikin jiki na asibiti) da hasken da ake kira gama da abin da ma'adinin yuraniyom yake fitarwa. Akwai kuma wanda ba shi da wannan ƙarfin, irin na rediyo da wayar salula da ƙarfen sabis da wayifai, iyakar abin da aka tabbatar yana yi wa nama shine ɗan ɗumama shi. Bambancin kamar na jifa da auduga ne da jifa da dutse, ko ka tara masu jifa da auduga dubu ba za su fasa gilashin da dutse ɗaya zai fasa ba. Gaskiya ne a 2011 hukumar binciken kansa ta saka igiyoyin wayar salula a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ne amma hujja ba ta da ƙarfi, kuma masu yaɗa tsoro da wannan suke kafa hujja, sai dai tun daga lokacin biliyoyin mutane suke riƙe da waya kuma ba a ga kansar ƙwaƙwalwa ta tashi yadda za ta tashi in da wayar ce ke jawo ta ba.

Shi kuma mai karya DNA ɗin, komai nasa a kan adadi yake. Ana auna shi da milisibat. Ko ba ka taɓa shiga asibiti ba, a matsakaici kana samun wajen milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, haka Allah ya halicci duniyar. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba, kwatankwacin abin da za ka samu a 'yan kwanaki ko sati biyu kana zaune a gida. Siti-sikan na ciki yana kaiwa wajen 10, wannan kam ya fi yawa, shi ya sa likitan kirki ba ya rubuta shi haka kawai, musamman ga yara da masu ciki. Ma'aikatan da suke hulɗa da shi an iyakance musu 20 a shekara. Cutar radiyeshan mai kwantar da mutum nan take sai an kai wajen 1,000 a lokaci guda, in aka kai 4,000 zuwa 5,000 rabin mutane za su mutu in ba a yi musu magani ba. A irin wannan matakin sassan jiki masu saurin sabuntawa ne suke fara faɗuwa, ɓargo ya daina ƙera jini, garkuwar jiki ta rushe, bangon hanji ya saɓule, gashi ya zube. A ƙaramin adadi kuwa ba a ganin wannan, abin da ake tsoro shine wata ƙwayar halitta ta gyara DNA ɗinta ba daidai ba, bayan shekaru ta rikiɗe ta zama kansa. Yawancin abin da aka sani a kan wannan daga waɗanda suka tsira daga bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki aka koya, an bibiyi mutum wajen 120,000 tun 1950, aka ga kansar jini ta fara bayyana bayan kamar shekara biyu, sauran kansoshin kuma sai bayan shekara goma ko fiye.

A Chanobil ta Yukiren, inda tashar nukiliya ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, ma'aikata da 'yan kwana-kwana 134 ne suka kamu da cutar mai tsanani, 28 suka mutu cikin 'yan watanni. Babbar illar da ta shafi jama'a ta madara ta biyo, sinadarin aidin-131 mai radiyeshan ya sauka a ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madarar, ƙullin tayirod da ke gaban wuya kuma aikinsa kenan tara aidin, bai san mai guba da mara guba ba. Zuwa 2005 an samu sama da 6,000 da suka kamu da kansar tayirod cikin waɗanda suke yara a lokacin. Abin takaicin shine aidin-131 duk kwana 8 ƙarfinsa yake raguwa da rabi, da an hana shan madarar yankin na 'yan makonni an raba ƙwayar aidin da wuri, da yawancin yaran nan sun tsira. A hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan kuma a 2011, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin radiyeshan ya ce bai samu wata cuta a jikin mazauna yankin da za a jingina kai tsaye ga radiyeshan ɗin ba, amma sama da mutum 2,000 ne suka mutu ta dalilin kwashe jama'a da zaman gudun hijira, yawancinsu tsofaffi da marasa lafiya da aka ɗauke daga gadajen jinya. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk mai tsara lafiyar jama'a a rai, domin firgici ma kansa yana kisa.

Wanda nake ganin ya fi kusa da rayuwar talaka a ko'ina shine abin da ya faru a Goyaniya ta Burazil a Satumbar 1987. Wasu 'yan gwangwan suka shiga wani asibitin masu cutar kansa da aka yi watsi da shi, suka ciro wani ƙarfe daga injin ƙona cutar kansa suka sayar wa wani mai shagon gwangwan, aka fasa shi aka ga wani gari mai sheƙi shuɗi a cikin duhu, mai shagon ya kai gida yana nuna wa 'yan uwa, wata yarinya 'yar shekara 6 ta taɓa shi ta ci abinci da hannun. Siziyom-137 ne, sinadari mai radiyeshan. Mutane suka fara amai da gudawa, aka ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki, sai da matar mai shagon ta yi zargin ƙarfen ta saka shi a jaka ta hau motar haya ta kai wa hukumar lafiya. Mutum huɗu suka mutu har da yarinyar da ita matar, an samu 249 da gubar ta taɓa, sai da aka auna mutum wajen 112,000. Babu bam babu tashar nukiliya, sakaci ne kawai da tsohon injin asibiti.

Sannan akwai biyu da kusan ba a maganarsu. Radon iska ce da take fitowa daga ƙasa inda akwai yuraniyom a duwatsu, ta shigo ta tsagar daɓe ta taru a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kuma ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo kansar huhu, tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin 100 gwargwadon ƙasa, in ta haɗu da shan taba kuma haɗarin ninkuwa yake. Sai hasken rana, wanda yake jawo kansar fata musamman ga zabiya da masu hasken fata, da yanar ido ga kowa.

Ni a ganina inda aikin likita yake da rauni a wannan fannin shine wajen tambaya. Mara lafiya zai zo da tari na wata uku a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ya tafi ya dawo a sake ba shi, babu wanda ya tambaye shi inda yake wuni. Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya ce a ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ake yi wa mara lafiya: wace sana'a kake yi? Yau ya kamata a ƙara da wasu, da me ake girki a gidan kuma a ina, janareta a ina yake kwana, akwai mai fasa batir ko narka ƙarfe ko haƙar ma'adinai a gidan, daga ina ake ɗibar ruwan sha, siti-sikan nawa aka taɓa yi wa yaron nan. Kuma an ga amfanin cire tushen cutar a aikace, a Amurka bayan an cire dalma daga man fetur da fenti yawanta a jinin yara ya faɗi da sama da kashi 90 cikin 100 daga shekarun 1970, duniya kuma ta rufe babin fetur mai dalma a motoci a 2021 da Aljeriya ta sayar da ragowar nata. Hayaƙin girki da na dizal da batiran da ake fasawa a tsakiyar unguwanni su ne har yanzu ba a yi musu irin wannan taron dangin ba.